Filin Lafiyar Iyali: Idan annobar mura ta zo, in kai iyalina allura ko in bari?

Tun shigowar hunturu wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata ga magana ɗaya: murar nan mai zafi da likitoci ke kira infuluwenza, da abin da magidanci zai yi idan ta zama annoba aka kawo allurar rigakafinta. Mun zaɓo wasiƙun masu karatunmu na jihar Kebbi. Likitan yara da ungozomar asibiti da jami'in rigakafi ne suka haɗu suka amsa.

Assalamu alaikum. Ina da mata biyu da 'ya'ya tara, ga mahaifiyata tana tare da mu. Duk hunturu sai mura ta zagaye gidan, mu sha citta da kanumfari da lemun tsami ta wuce. To mene ne na allura don mura? Idan gobe aka yi shela cewa annobarta ta shigo, in kai su ko in bari?
Magidanci, Jega

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kai su, kuma kada ka jira sai ciwon ya shigo unguwarku.

Murar da ka saba da ita, mai yoyon hanci da atishawa da ƙaiƙayin maƙogwaro, ƙwayoyin bairos iri-iri ne ke kawo ta, kuma gaskiyarka, citta da hutu sun ishe ta. Infuluwenza daban take. Farat ɗaya take kamu: mutum ya fita kasuwa da safe lafiya lau, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi, ga ciwon kai da na gaɓoɓi, ga busasshen tari, ga kasala har ɗaga buta ya gagare shi. Daga shaƙar ƙwayar zuwa bayyanar ciwo kwana 1 zuwa 4 ne, galibi 2. Mai ita yana fara yaɗawa tun kwana guda kafin shi kansa ya ji komai, ya ci gaba har kwana 5 zuwa 7, ƙananan yara ma sukan zarce haka. A gidan da ake kwana ɗaki ɗaya, ana cin tuwo kwano ɗaya, kafin a gane na farko ta riga ta kama na uku. Ko a shekarar da babu annoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000.

Garkuwar jiki kamar mai gadi ce da ya san ɓarawo da rigarsa. Kowace shekara ƙwayar tana ɗan sauya ɗinkin rigar, mai gadin ya yi ɗan jim amma ya gane ta. Annoba tana faruwa ne ranar da ta zo da sabuwar riga gaba ɗaya, yawanci daga tsuntsaye ko aladu, babu jikin da ya santa. Sau huɗu aka yi haka tun farkon ƙarnin da ya wuce: 1918 da 1957 da 1968 da 2009. Ta 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta bi layin dogo zuwa Arewa cikin 'yan makonni, kuma an ƙiyasta ta ci rayuka kusan rabin miliyan a Najeriya kaɗai. Ta 2009 ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ta zo da nata abin tsoron: kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda ta kashe ba su kai shekara 65 ba. Ranar da sabuwa ta ɓulla, babu likitan da zai iya ce maka irin ta 1918 ce ko irin ta 2009. Sai an yi makonni ana ƙirga masu ciwo da mamata.

Allurar ba ta toshe ƙofa ruf. A shekarun da ta dace da ƙwayar da ke yawo, tana rage kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, wanda kuma ya kamu bayan ya yi ta, ciwon yakan zo masa da sauƙi, bai cika kaiwa ga nimoniya ko gadon asibiti ba. Jiki yana buƙatar mako biyu bayan allurar kafin kariyar ta kankama. Shi ya sa masu cewa "bari mu ga yadda za ta kaya" suke yin asara: ranar da maƙwabci ya kwanta, mako biyun nan ya riga ya kuɓuce.

Ina da ciki wata biyar. Uwar mijina ta ce ko an kawo allurar ba za a yi mini ba, wai tana zubar da ciki. Ni kuma ina tsoron ciwon, ina tsoron saɓa mata.
Wata 'yar'uwa, Argungu

Allah ya sauke ki lafiya. A duk gidanku ke ce kan gaba a layi, ba wadda za a tsallake ba. Ciki yana sassauta garkuwar jiki, mahaifa tana girma tana matse huhu daga ƙasa, zuciya tana aikin mutum biyu. Murar da za ta kwantar da maigidanki kwana huɗu, ke tana iya kai ki ga neman iskar oksijin, musamman daga wata na huɗu zuwa mako biyu bayan haihuwa. Zazzaɓi mai zafi shi kansa yana tayar da naƙuda kafin lokaci. An ga haka ƙarara a 2009, inda masu juna biyu suka yi yawa a ɗakunan kulawa ta musamman fiye da adadinsu a cikin jama'a. Abin da Inna ke tsoro gaskiya ne, sai dai daga ciwon yake zuwa, ba daga allurar ba.

Wadda ake yi a damtse ba ta da ƙwaya mai rai, don haka ba ta iya sa miki mura, balle ta taɓa jariri. Ana yin ta a kowane watan ciki, an kuma shafe shekaru da dama ana yi wa miliyoyin mata ba a ga ƙarin ɓari ba. Akwai wata da ake fesawa a hanci, mai ƙwaya da aka raunana. Wannan ba ta masu ciki ba ce, kada ki karɓa.

Ga abin da ya kamata Inna ta ji da kunnenta: jariri ba a yi masa wannan allura sai ya kai wata shida. Kafin nan kariyar da zai samu ita ce wadda ta ratsa masa daga jininki ta cibiya, sai ta nono. An gwada haka a Bamako ta ƙasar Mali da mata fiye da dubu huɗu, aka ga a watanni huɗu na farko mura ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku ga jariran da aka yi wa iyayensu. Ki tuna ranar suna hannu nawa ne za su ɗauki jaririn nan.

Kada ki yi a ɓoye, kada kuma ki yi gardama da ita. Ki roƙi maigidanki ya rako ku awo ke da Inna, ungozoma ta yi mata bayani. Ana iya haɗa miki ita da allurar tetanus rana ɗaya, kowace a hannu daban.

Idan allurar ba ta isa kowa ba fa? Ina da yaro mai sikila ɗan shekara huɗu, jaririya 'yar wata uku, mahaifina mai ciwon suga, da samari uku ƙarfafa.
Wani uba, Zuru

Da wuya ta isa kowa a farko. Daga gano sabuwar ƙwaya zuwa fitowar allurarta ana ɗaukar wata biyar zuwa shida, domin yawancinta a cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar kafin a kashe ta a tace. A 2009 an gano ƙwayar a Afirilu, allura ta fara fita wajen Oktoba, ƙasashen Afirka da yawa kuwa sai a 2010 ta iso musu. Ma'aikatan asibiti ake fara yi wa, kada ka ji haushin haka. Idan suka kwanta babu mai duba ɗanka.

A gidanka, mai sikila ne na farko. Mura tana iya tayar masa da ciwon ƙirji mai tsanani irin na masu sikila, tana kuma buɗe ƙofa ga bakteriya, alhali saifarsa ba ta aiki yadda ya kamata. Sai Baba. Jaririyar ba za a yi mata ba, don haka a yi wa mahaifiyarta da duk mai goyonta. Samari su zo ƙarshe. Sauran waɗanda ke sahun gaba su ne yara daga wata 6 zuwa shekara 5, masu asma, masu ciwon zuciya ko ƙoda, masu tarin fuka, masu cuta mai karya garkuwar jiki, da yaran da tamowa ta kama. Amma ka saurari jerin da hukuma za ta sanar, domin kowace annoba da waɗanda ta fi ci. Ta 2009 ta ɗan sassauta wa tsofaffi saboda jikinsu ya taɓa haɗuwa da danginta tun suna yara.

Yawan da ake yi rabin mililita ne a tsoka. Wasu kamfanonin suna ba da rubu'i ga 'yan ƙasa da shekara uku. Jarirai a gefen cinya ta gaba, manya da yaran da suka tasa a damtse. Ba a yin ta a ɗuwawu: kitse yana hana ta aiki sosai, ga hatsarin taɓa babbar jijiyar ƙafa. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 8 da bai taɓa yi ba sau biyu ake masa, da tazarar mako huɗu aƙalla. Nan iyaye suka fi faɗuwa, a yi ta farko a manta ta biyu, yaro ya zauna da rabin kariya. Ka sa a rubuta ranar komawa a kati. Idan ƙwayar baƙuwa ce ƙwarai, har manya ana iya cewa su yi biyu, mako uku tsakani.

Ka duba katin yaran tun yau. Allurar nimoniya da ta penta mai kare cututtuka biyar, waɗanda ake yi a mako 6 da 10 da 14, ba rigakafin mura ba ne, amma suna tare bakteriyar da ke biyo bayan mura, wadda sau da yawa ita ke ƙarasa yaro. Waɗannan kyauta ne, suna nan a asibitin unguwarku yanzu.

Ni malamin makaranta ne, ba jahili ba. Mun san abin da aka yi wa yara a Kano a 1996. Yanzu kuma a ce an haɗa allura cikin wata shida. Me zai sa in yarda ba gwaji za a yi da 'ya'yanmu ba, ko a hana su haihuwa?
Malami, Gwandu

Malam, ba za mu ce ka manta da Kano ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya haɗa da yara 200, guda 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya dace, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan ya faru. Amma ka lura gwajin sabon magani ne a kan marasa lafiya, ba rigakafi ba. Ka kuma tuna abin da ya biyo baya: a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna saboda jita-jitar hana haihuwa, aka yi ta gwaje-gwaje, daga baya aka dawo da shi, amma kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Yaran da suka shanye a wannan tsakanin suna nan a garuruwanmu, sun girma.

Batun sauri: tun shekarun 1940 ake yin allurar mura. Sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, Hukumar Lafiya ta Duniya tana zaɓar nau'in ƙwayar da za a sa, masana'antu su bi hanyar da suka saba. Ta annoba ma haka take, nau'in ƙwayar ne sabo, ba hanyar haɗawa ba. Abin da ke ciki furotin ne na jikin matacciyar ƙwaya, da ruwan gishiri, da ɗan burbushin ƙwai. Kwalba mai ɗaukar mutum goma ana sa mata ɗigon sinadarin hana ruɓewa mai ɗan zaiba a ciki, zaibar kimanin maikirogiram 25 a kowace allura, irin wanda jiki ke fitarwa da wuri. Babu abin hana haihuwa a ciki. Ita ce dai Saudiyya ke yi wa 'yan ƙasarta, take kuma shawartar mahajjata su yi.

Illolinta kuwa ba za mu ɓoye maka ba. Ciwon hannu da ɗan kumburi, wani lokaci zazzaɓi da kasala na kwana ɗaya ko biyu, waɗannan ruwan dare ne. Wajen mutum ɗaya cikin miliyan jikinsa kan ƙi ta nan take: borin jini, kumburin fuska, shaƙewar numfashi. Saboda shi ake cewa a zauna minti 15 zuwa 30 bayan allura, a wurin da ke da allurar gaggawa ta adirenalin. Akwai ciwon jijiyoyi mai sa raunin ƙafafu da ake kira Guillain-Barré, mutum ɗaya ko biyu cikin miliyan; a Amurka a 1976 ya kai kusan ɗaya cikin 100,000 har aka tsayar da gangamin. Ita murar kanta tana jawo wannan ciwo fiye da allurar. Sannan a 2010 aka gano wata allurar annoba mai suna Pandemrix tana da alaƙa da ciwon barci mai kwashe mutum ba shiri ga ɗaruruwan yara da matasa, musamman a Finlan da Suwidin. Ba a amfani da ita yanzu. Likitoci ne suka gano waɗannan duka suka bayyana, kuma irin wannan sa idon muke so a ƙarfafa a nan: duk abin da ya biyo bayan allura a kai rahotonsa asibitin da aka yi ta.

Wanda bai kamata a yi wa ba shi ne wanda jikinsa ya taɓa ƙin allurar mura da tsanani. Wanda ya taɓa samun raunin jijiyoyin nan cikin mako shida bayan allura, ya fara ganin likita. Mai zazzaɓi mai zafi a jira ya warware. Ɗan yoyon hanci ba ya hanawa. Wanda ƙwai ke sa wa ƙaiƙayi yana iya yi, ya dai faɗa tun kafin a soka.

Maƙwabcina ya yi allurar a Saudiyya, bayan kwana uku mura ta kama shi. Ba ita ta sa masa ba?
Alhaji, Birnin Kebbi

A'a, Alhaji. Matacciyar ƙwaya ba ta haihuwa a jiki. Ko dai ya riga ya shaƙi ciwon a cunkoso kafin allurar, ko ya kamu cikin mako biyun da kariya ba ta nuna ba, ko kuma wata ƙwayar ce daban, don allurar ba ta san murar yau da kullum ba, ba ta san korona ba. Haka ita ma allurar korona ba ta kare mutum daga infuluwenza.

Wani mai kemis a garinmu ya ce yana iya samo allurar daga tsallaken iyaka, ya zo har gida ya yi mana. Ya fi mana sauƙi da bin layi.
Ɗan kasuwa, Kamba

Kada ka yarda. Ko da ta gaskiya ce ba jabu ba, hanya za ta kashe ta. Allurar mura tana rayuwa ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin zafi, daga masana'anta har zuwa damtsenka. Ka san zafin Kamba a watan Afirilu, ya haura 40. Kwalin da ya yini a bayan mota ko a kan babur ya tashi aiki, kuma ba za ka gane da ido ba. Daskarewa ma tana lalata ta, nan kuwa masu kyakkyawar niyya suke kuskure: su jefa kwalba cikin kula a kan ƙanƙara tsirara, ko su sa ta a firjin shago da ke daskarar da ruwa idan wuta ta zo, ya huce idan ta ɗauke. Ma'aikatan rigakafi suna barin ƙanƙarar ta fara narkewa, sai sun girgiza sun ji motsin ruwa, kafin su jera ta a akwati. Allurar da ta lalace ba guba ba ce, illarta ita ce ka saki jiki alhali ba ka da kariya.

Allurar mura ba ta cikin jerin rigakafin yau da kullum na Najeriya. Wasu asibitocin kuɗi na manyan birane ne ke da ita. Idan annoba ta zo, ta hannun Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko za ta biyo, zuwa ma'ajiyar sanyi ta jiha, zuwa jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma, kamar yadda aka yi da ta korona, kuma ta gangami kyauta ce. A duk inda za a yi maka, kana da haƙƙin ganin kwalbar. Ka duba ranar ƙarewar wa'adi. Idan tana da tambarin nan na da'ira mai murabba'i a tsakiya, murabba'in ya zama ya fi da'irar haske. Idan ya yi duhu kamarta ko ya fi, zafi ya cinye ta. A yage sabon sirinji a gabanka. A rubuta maka sunan allurar da lambar rukuninta da kwanan wata a kati. Bayan an yi, kada a murza wurin, kada a gasa da ruwan zafi ko a shafa man zafi. Tsumma mai sanyi ya isa. Kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, yana zafi yana tara ruwa, ƙurji ne na rashin tsafta, a koma asibiti.

Idan gangamin ya faɗo cikin azumi fa? Kuma na ji wai akwai alade a ciki. Sannan ina tawakkali?
Ɗalibin ilimi, Bunza

Allurar tsoka da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi a wurin mafi yawan malaman wannan zamani, haka kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zartar a zamanta na Jidda a 1997. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya nemi a yi masa bayan shan ruwa. Sinadarin jelatin na alade yana cikin wadda ake fesawa a hanci. Galibin na damtse ba su da shi, kuma takardar da ke cikin kwali tana lissafa komai, ka ce a karanta maka. Sunan "murar aladu" da aka sa wa ta 2009 asalin ƙwayar yake nufi, ba abin da ke cikin allura ba.

Tawakkali kuwa, ka fi mu sanin ƙissar Sayyidina Umar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Kajina da zabina suna ta mutuwa, goma a dare ɗaya. Yara ne ke ba su abinci. Allurar mura za ta kare mu daga murar tsuntsaye?
Mai kiwo, Yauri

Ba za ta kare ku ba, Hajiya, ƙwayar daban ce. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 an fara tabbatar da ita a Najeriya a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka, kuma ta kashe wata matashiya a Legas a farkon 2007. Ba ta cika kama mutum ba, ba ta kuma iya yawo daga mutum zuwa mutum da sauƙi ba, amma kusan rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu a duniya sun rasu. Yankinku na bakin ruwa ne, agwagin gida suna cuɗanya da tsuntsayen daji masu ƙaura, agwagwa kuma tana iya ɗauke da ƙwayar ba ta nuna ciwo ba.

Mai yiwuwa ciwon Niyukasil ne da ke share kaji duk hunturu, amma da ido ba a bambance su. Sai likitan dabbobi ya ɗauki samfuri an aika ɗakin gwaji irin na Vom a jihar Filato. Ki sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma yau. Ki janye yara daga akurki. Kada a yi saurin yanka masu ciwo don kada a yi asara, kada a kai su kasuwa: wajen yanka da figa da fasa ciki ake kamuwa, ba wajen cin naman da ya dahu sosai ba. Matattun a ɗauke su da leda a hannu da takunkumi a fuska, a binne a rami mai zurfi nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu. Duk wanda ya taɓa su a sa masa ido kwana goma. Idan zazzaɓi ko tari ko jan ido ya zo, a je asibiti a faɗi maganar kajin tun a bakin ƙofa. Ana dai son masu kiwo su yi allurar mura ta shekara idan sun samu, don kada ƙwayar mutum da ta tsuntsu su haɗu a jiki ɗaya su haifar da sabuwa.

Mu a ƙauye muke, ko allura ta zo jiha sai ta daɗe ba ta iso mu ba. Idan ciwon ya riga ta shigowa gida, yaya zan yi da yara?
Uwar 'ya'ya biyar, wani ƙauye kusa da Bagudo

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar yawancinmu. Ki ware mai ciwo a ɗaki ɗaya, taga a buɗe ko da ana sanyi, da kofinsa da kwanonsa. Mutum ɗaya ya yi jinya, kada ya zama mai ciki ko mai goyon jariri ko tsoho, ya ɗaura takunkumi ko mayafi ninki biyu. Kada a kunna garwashi ko turaren wuta a ɗakin, hayaƙi yana ƙara wa huhu wahala. A hana zuwa dubiya, a hana makaranta har ya kwana ɗaya cur babu zazzaɓi ba tare da magani ba.

Zazzaɓi a yankinmu sai an fara cire maleriya, don haka a yi gwajin jinin yatsa a asibiti mafi kusa. Ana iya samun biyun tare. Don sauke zafi, farasitamol: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, duk awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Yaro mai kilo 10 zai sha mililita 5 na ruwan maganin mai miligiram 120 ko 125 a kowane mililita 5. Kada a ba yaro asfirin ko garin maganin ciwon kai na leda mai asfirin a ciki, yana iya lalata hanta da ƙwaƙwalwa idan ya haɗu da mura. Kafso da sauran antibayotik ba sa kashe bairos. Amfaninsu sai nimoniya ta shigo, ma'aikacin lafiya ne zai gane. A ci gaba da nono, a yawaita ruwa da kunu da ruwan gishiri da suga.

Ki koyi ƙirga numfashi. Yaro yana kwance ba ya kuka, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga tashin ciki na minti ɗaya cif da agogon waya. Ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa. Wata 2 zuwa 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. Idan ya kai haka, a tafi asibiti ranar. Idan ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki lokacin jan numfashi, ko leɓe ya yi duhu, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da komai, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko ya yini babu fitsari, a nemi abin hawa ko tsakar dare ne, a nufi babban asibiti inda ake da oksijin. Jaririn da bai kai wata uku ba, zazzaɓi kaɗai ya isa dalili. Ki kiyayi wanda ya fara samun sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo da tari mai majina da ciwon ƙirji. Bakteriya ce ta biyo baya.

Akwai maganin ƙwayar murar kanta, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Babba miligiram 75 safe da yamma na kwana biyar, yara gwargwadon nauyinsu, kuma ana ba masu ciki. Ya fi aiki idan an fara cikin awa 48 da soma ciwo, don haka mai ciki da mai sikila da mai asma da tsoho kada su kwana biyu a gida suna jiran gani. Idan mutane da yawa suka kwanta lokaci ɗaya a ƙauyenku, mai gari ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa kyauta a 6232. Wanda ya yi ciwon ya warke, in allura ta iso daga baya ya karɓa, sai fa in gwaji ya tabbatar ita ce ta kama shi. Zazzaɓi da tari kaɗai ba sa nuna wace ƙwaya ce.